Gwangwanin Mai Tafiya

3 ga Maris

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da busassun ganyayenka. Mu nan alhamdu lillahi. Hawan jinin Inna ya daidaita tun da likita ya canja mata ƙwaya, gwiwar ce dai har yanzu sai da lallaɓawa. Abinci tana ci idan na zauna kusa da ita. Mantuwar kuwa kada ma ka tambaya. Jiya sau uku tana tambayata ko Baba ya dawo daga aiki, ni kuma na gaji da sake kashe mata miji kullum, sai na ce mata yana hanya.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ma wuce "lafiya lau", kuma Inna na jin muryarka sai ta kama neman takalmi, wai za ta je bakin titi tarbarka.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Litinin makarantar koyon jinyar ido ta sake rubuto mini. Ka san sun ba ni gurbin karatu, sau biyu ina roƙonsu su ɗaga mini ranar zuwa, suna ɗagawa. Wannan karon sun faɗa ba ɓoye-ɓoye: ko in bayyana ranar ɗaya ga Yuni, ko su ba wata gurbin, kuma baɗi shekaruna sun wuce waɗanda suke ɗauka. Karatun na shekara ɗaya ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wanke ciwo ina naɗa bandeji a asibitin unguwa, ina son in iya wani abu guda da kyau kafin ƙarfina ya ƙare. Ranar da takardar ta zo, don rawar jiki har na sauko da akwatina daga saman kabad, na buɗe shi a tsakar ɗaki ya sha iska, sannan na zauna kusa da shi ina yi wa kaina dariya. Yana nan har yau, na kasa mayar da shi.

Roƙona ɗaya ne, ka zo ka zauna da Inna shekarar nan. Kai da bakinka ka ce aikin dajin ya kusa ƙarewa, saura rubutu, rubutu kuwa ko a teburin Baba ana yinsa. 'Yar'uwarmu Doguwa ba za ta iya ba, ga 'ya'ya huɗu ga surukar da ba ta tashi. Shekara shida rabonka da kwana bakwai a jere a gidan nan, ban taɓa yi maka gori ba, yanzu ma ba gori nake yi ba. Na gaji ne kawai.

Sai kuma wani sabon aiki da Inna ta tsiro da shi. Ganyen akwatin nan nata na bayan famfo, wanda take busarwa tana sa mana cikin kaya, tun ranar Talata da zarar an juya baya sai ta ɗauki 'yar fartanya ta hau tona shi. Maƙwabciyarmu mai ɗinki, da ke leƙa ta idan ina wurin aiki, ita ta fara kama ta. Na dawo na tarar da ita zaune cikin caɓi, saiwoyi duk a waje. Na mayar na danne da ƙasa, na ɓoye fartanyar. Abin da ta fi so a gidan nan shi take neman kashewa.

Ka amsa mini da wuri.

Yayarka

19 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai 'yar mura da ba ta rabuwa da duk mai aiki a ɗakin nan namu. Ba taga ko ɗaya, sai kabad-kabad na ƙarfe har rufi, da warin maganin ƙwari. Daga safe zuwa la'asar ina manna busassun tsirrai a kwali ina rubuta musu suna, wata rana arba'in. Ki gaishe mini da Inna, ki ce Auta na nan tafe. A gaida mai ɗinki, Allah ya saka mata.

Maganar ganyen akwati ta tsaya mini a rai. Kin yi daidai da kika ɓoye fartanyar. Yanzu ne yake fitar da sabon toho bayan sanyi, idan ana tumɓuke shi ana mayarwa saiwar bushewa za ta yi. Ki kife masa tsohon kwandon wanki, ki ɗora dutse a kai. Kada ki cika masa ruwa, na famfon da ke gangarowa ya ishe shi.

Ba na jin kin san darajar abin da ke bayan famfon nan. A littafi sunansa Tanacetum balsamita, danginsu ɗaya da latas da tazargade. Kin tuna shekarar da ya yi fure, 'yan rawaya kamar maɓallin riga? Kowane maɓalli ɗaya ba fure ɗaya ba ne, furanni ne fiye da ashirin a cunkushe a kai guda, haka duk danginsu suke. Namu bai cika yin fure ba saboda inuwar katanga, kuma ko ya yi, da wuya irinsa ya tsira. Da saiwa yake yaɗuwa, tana rarrafe a ƙarƙashin ƙasa tana ɓullo da 'ya'ya a gefe. Ma'ana, na gidanmu shi ne dai wanda Kaka ta zo da shi, bai taɓa mutuwa ba, idan kuwa ya mutu babu inda za a samo mana shi. Ƙamshin nan nasa shi ke korar asu daga tufafi. Har yau ina tuna ranar da rina ta harbe ni a kunne, Inna ta murje ganye ɗaya ta shafa mini tana yi mini faɗan hawa katanga. Nawa da ta ba ni yana nan a tagar ɗakina, kore shar.

Batun makaranta, ina taya ki murna, wallahi kin cancanta. Bari in ga shugabanmu, za mu san yadda za a yi.

Ranar ashirin da huɗu za mu hau duwatsu tattaro tsirrai, sati shida. Can ba wasiƙa, ba waya.

Ƙaninki,
Auta

1 ga Afrilu

Auta,

Gaisuwa, da fatan murar ta sake ka. Inna lafiya, sai ɗan tari. Ni bayana ne ke damuna, na ɗago ta daga banɗaki na ji wani abu ya ce ƙas, tun daga ranar a karkace nake tafiya.

Na karanta takardarka sau biyu, na biyun ina neman inda ka amsa mini. Na roƙe ka shekara ɗaya, ka aiko mini da sunan ganye na littafi. Na gode. Zan rubuta shi a bango, wataƙila shi zai dinga ba Inna magani idan na tafi. Ita kuwa "za mu san yadda za a yi" na san ta, ita ka faɗa mini lokacin jinyar Baba, har aka yi aka gama ba mu sani ba. Na san takardar nan za ta jira ka sauko daga duwatsunka, amma idan ban rubuta ba ƙirjina zai fashe.

Kwando na kifa, dutse na ɗora, ta ture. Da ta rasa fartanya ta koma cokali. Na kwashe cokula, ta koma yatsu, har farcenta biyu sun karye. Shekaranjiya na daka mata tsawa, irin wadda ban taɓa yi wa mara lafiya a asibiti ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, sauri nake yi." Na shiga kicin na yi kukana, na wanke fuska, na fito na yanke mata farcen.

Tunda labarin ganye kake so, ga shi. Tsakiyarsa ta mutu, ta yi sanƙo kamar kan Baba, sai gefe-gefe ke da kore. Ban sani ba ko tonon ne ya jawo. Sannan ta tsinto gwangwanin madara a kwandon shara, ta wanke shi tas, tana ɓoye shi ƙarƙashin filo. Na ƙyale ta da shi, ba ni da ƙarfin faɗa biyu.

Saura wata biyu.

Yayarka

24 ga Afrilu

Auta,

Sallama. Muna lafiya. Tarin Inna ya tafi, bayana yana nan yadda yake.

Ban ji daga gare ka ba, ban kuma yi tsammani ba. Na rubuta wa makarantar takardar haƙura, na ce su ba wata. Tana cikin jakata sati guda ke nan. Kullum sai na wuce gidan waya a hanyar aiki, kullum sai in ce gobe.

Ranar Asabar na gaji da gadi, na ɗauko fartanyar na miƙa mata, na ce a raina ta kashe shi mu huta. Na jawo kujera na zauna ina kallo. Auta, ban ga rawar hannu ko kaɗan ba. Ta zagaye shi da tono, ta ɗago shi gaba ɗaya, ta kakkaɓe ƙasar. Ta ce in miƙo mata wuƙa, da muryarta ta da, wadda ba a yi wa musu, sai ga ni na miƙa. Ta yanke mataccen tsakiyar ta jefar. Ta raba gefen gida biyar, kowanne da saiwarsa da tohonsa, ta rage musu dogayen ganye. Huɗu ta dasa a jikin katanga, tana auna tsakaninsu da kamu ɗaya. Na biyar ta huda gindin gwangwanin nan da ƙusa, ta zuba tsakuwa, ta zuba ƙasa, ta dasa shi a ciki. Ta wanke hannu ta shiga ta yi barcin rana har la'asar. Tun daga ranar ba ta sake taɓa wurin ba, sai ban ruwa.

Da na ga gwangwanin na tuna al'adarta, duk wanda zai bar gidan nan sai ta yi masa nasa. Ta yi wa Doguwa da za ta tare, ta yi maka. Ina jin can baya ta koma a kanta, ko kai take shirya wa tafiya ko Doguwa. Yadda Baba yake hanya kullum, haka ku ma kullum kuke shirin tafiya.

Ba ni da wani labari. Idan ka sauko ka rubuto, ko layi biyu ne.

Yayarka

9 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da ban haƙuri mai yawa. Jiya muka sauko, ƙafafuna duk kanta, na tarar da takardunki biyu a kan tebur. Sannu da bayan, don Allah ki bari a duba ki, ke ma mutum ce. Na ji daɗi da tarin Inna ya tafi.

Kunya ta ishe ni. Sanƙon nan ba tono ya jawo shi ba. Haka tsiron yake, yana yaɗuwa gefe tsakiyar tana tsufa tana mutuwa, shi ya sa ake raba shi duk shekara uku, a farkon toho. Rabon da a raba namu tun tafiyata. Inna gaskiya ta gani, lokacin ma ta zaɓa daidai, ni mai karatun abin na ce ki kife shi da kwando. Da na tambaye ki yadda tsakiyar take, da farcenta bai karye ba.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Ƙarya na yi miki. Babu komai a tagar ɗakina. Nawa ya mutu tun shekarar farko, na tafi daji wata biyu na bar shi ba ruwa. Ganyen ƙarshe na busar na manna a kwali, yana cikin kabad a nan da lambarsa, har yanzu idan na buɗe ina jin ƙamshin akwatin Inna. Duk sanda ta tambaye ni a waya sai in ce yana nan lafiya.

Shi ya sa da na karanta zancen gwangwanin hawaye suka zubo mini. Jikina ya ba ni nawa ne. Uwa tana sanin abin da ba a faɗa mata ba, ta san na rasa nawa. Don Allah ki ɗaure shi a kwali ki ba direban motar Alhamis, wannan karon ba zan bari ya bushe ba.

Na ga shugabanmu. Ya ce zai iya ba ni sati biyu a Agusta. Shekara ɗaya ma mai yiwuwa ce, amma sai dai in fita daga tafiyar baɗi, wadda shekara uku ina jiranta. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Tunda kin riga kin rubuta musu, ba za ki ƙara layi ɗaya ki roƙe su su sake ɗagawa ba? Wataƙila su duba.

Ƙaninki,
Auta

18 ga Mayu

Auta,

Sallama. Sannu da saukowa, Allah ya ba ƙafa lafiya. Inna ƙalau, har ta ɗan yi ƙiba. An duba bayana, an ce in daina ɗaga nauyi, ni da likitan duka muka yi dariya.

Zancen naka da ya mutu, na daɗe da sani. Mutumin da bai taɓa aiko hotonsa ba shekara shida, kai da kake ɗaukar hoton kowace ciyawa. Ban ji haushi ba.

Amma gwangwanin ba naka ba ne, kuma ba zan ba direba ba.

Da dashen ya kama, sai na fara tarar da shi a ƙofar ɗakina. In mayar bayan famfo, in dawo daga aiki in same shi a ƙofar. Sau uku muna haka. Ranar Juma'a ina ninke wanki ta shigo da shi a hannu, ta tsallake akwatin nan da ke buɗe a tsakar ɗaki, ta ɗora mini shi a cinya. Na ce mata Inna, Auta ya riga ya tafi, Doguwa ma tana ɗakinta. Ta ce, "Na sani. Ke ce mai tafiya, ai na ga akwatinki. Kin hana ni aiki, da tuni ya yi ƙarfi." Sannan ta ce kada in sa shi inda rana ke dukansa da tsaka, kuma in tsinke ganyen kafin ya yi fure, ya fi ƙamshi.

Na zauna ina lissafi. Litinin na sauko da akwati, Talata ta fara tono. Wata biyu ina ɓoye mata fartanya da cokula, ina daka mata tsawa, ashe sallamata take yi. Matar da ba ta riƙe sunana, ita kaɗai ce a cikinku ta ɗauki tafiyar nan da gaske. Ban san lokacin da na kifa kaina a cinyarta ba, ita kuma tana ta bubbuga bayana tana tambayata ko na ci abinci.

Takardar haƙurar ban aika ba, na yaga ta. Ranar talatin ga wata zan hau motar safe. Mai ɗinki ta yarda ta dawo gidan ta zauna da Inna kwana goma, ba za ta iya wuce haka ba, ita ma da nata gidan. Daga nan kuma ya rage naka. Ba roƙonka nake yi ba yanzu, na gama wannan. Idan ba ka zo ba sai Doguwa ta ɗauke ta, ka kuwa san Inna ba ta kwana biyu a wani gida ba ta rikice ba, kuma can ba famfo ba katanga. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba, amma zan tafi.

Na rubuta komai a littafi na ajiye a kan firij. Farar ƙwaya da safe, rabin ja da yamma. Ba ta son ruwan wanka mai zafi sosai. Idan ta tambayi Baba, yana hanya.

Yayarka

14 ga Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin isa lafiya, kin sami ɗaki mai taga. Yaya bayan? Yaya karatu? A teburin Baba nake rubuto miki.

Na zo ranar goma sha ɗaya, na makara da kwana biyu, mai ɗinki ta wanke ni tas a bakin ƙofa. Na sa hannu a takardar shekara ɗaya. Tafiyar baɗi an ba wani. Ba zan ce miki bai yi mini ciwo ba.

Inna lafiya, tana ci, tana shan magani. Ba ta gane ni ba. Ta ɗauka ni mai gyaran famfo ne, tana yi mini sannu da aiki, tana ba ni labarin autanta da ke can yana karatun ganye. Kwana uku kawai na yi, amma jiya da na kwanta bayan azahar ji na yi kamar an yi mini duka. Ban san yadda kika yi shekara shida ba. Ki yafe mini.

Dashe huɗun nan duk sun kama, na jikin famfo har ya fara rarrafe. Ba na taɓa su sai ta ce.

Da na zo, a bakin ƙofar ɗaki na yar da akwatina, ban ko buɗe shi sosai ba, ina zaro riga ɗaya-ɗaya. Yau da safe na fito na tarar da ita a bakin famfo tana wanke gwangwani, ga ƙusa a gefenta. Na tambaye ta na wane ne. Ta nuna akwatin da haɓa, ta ce na mai wancan ne, da gani ba zama ya zo yi ba.

Na shiga na juye kayana duka a kabad, na ɗaga akwatin na ɗora a sama, inda naki yake da. Ta biyo ni ta tsaya a ƙofa tana kallo har na sauko daga kujera. Ta juya gwangwanin a hannunta, ta miƙo mini, ta ce in kai shara.

Ƙaninki,
Auta